Mutumin Da Ya Ƙi Wuce Kowa a Hawan Gavia

Daga wurin Allah muka fito, kuma komai tsawon hanya da yawan lanƙwasarta, wurinsa ta nufa.

Ranar Talata, 16 ga Satumba, 2025, da hantsi, ina kan tsani ina ɗora dutse a katangar wani baƙo ɗan Milano, sai ƙararrawar cocinmu ta fara irin bugun nan na ɗaiɗai da kowa a Valfurva ya san ma'anarsa. Ban gama zagaya tsofaffin ƙauyenmu a zuciyata ba wayata ta yi ƙara. Matata Mirella ce. Ta ce, "Remo, sauko ƙasa tukuna." Na sauko. Ta ce, "Ciso ya tafi." Ni kuwa da yake Allah bai hore mini saurin fahimta ba, sai na ce, "Ya tafi ina?" Ta ce, "Inda ba a zuwa da keke."

Tarcisio Bertolina, wanda babu mai kiransa da wannan dogon suna sai fadan coci da likita, ya rasu a ɗakinsa yana da shekara saba'in da takwas, bayan ciwon huhun da ya kama shi tun hunturun bara. Matarsa Nerina da ɗansa Fulvio suna gefensa, taga kuma a buɗe tana fuskantar dutse, kamar yadda ya roƙa.

Ciso, 'yan ƙungiyarmu ta masu keke ne suka ɗora mini wannan rubutu. Na ce su nemi Ottavio malamin makaranta, wanda ya san inda ake sa waƙafi. Ni da makaranta mun rabu ina ɗan shekara goma sha uku, kuma babu wanda ya yi kuka a cikinmu. Suka ce a'a, babu wanda ya kai ni daɗewa tare da kai a kan hanya. Gaskiya suka faɗa, sai dai ba yabo ba ne. Kai ne mai bin bayan na ƙarshe, ni kuwa shekara da shekaru ni ne na ƙarshen.

Lahadin farko bayan motocin share ƙanƙara sun buɗe hanyar dutsen Gavia, ita ce babbar ranarmu. Da an fito daga coci sai kowa ya ja kekensa, a haɗu a dandali, a kama hawa. Tsofaffi sun ce a ƙuruciyarka babu mai ganin ƙeyarka a wannan hawan. Har wata ƙungiyar tsere daga can ƙasa ta ɗauke ka, ka yi shekara biyu kana ɗaukar wa zakarunta gorar ruwa, kafin mahaifinka ya rasu ka dawo ga kiwon shanun mutane da aikin hanya. Wata shekara kuka hau, ka riga kowa kaiwa kamar yadda ka saba, kuka zauna a masaukin da ke saman dutse kuna shan miya mai zafi kuna cika baki. Na gaba suka ɗauka Egidio mai burodi yana tare da na baya, na baya suka ɗauka ya juya gida. Sai da ƙanƙara ta fara zuba ka lura babu shi a tebur. Ka gangara ka same shi rakuɓe a jikin wani dutse, sarƙar kekensa ta tsinke, rigarsa ta jiƙe da gumi ta daskare, leɓɓansa sun yi shuɗi. Goya shi ka yi. Egidio ya sha wata biyu a kwance da ciwon haƙarƙari, ya tashi, har ya ga jikoki. Kai kuwa daga ranar ba ka sake riga kowa kaiwa sama ba. Ka zama tsintsiya, mai sharo na baya, kuma fiye da shekara arba'in tayarka ta gaba ba ta wuce tayar bayan wani ba, a hawa ko a gangara.

Ni likita ne ya tura ni cikinku. Ya dubi tumbina ya ce in zaɓa, ko keke ko akwatin gawa. Ranar farko ka ƙare mini kallo ka ce, "Wa ya ɗora buhun dankali a kan keken mutane?" Sunan ya zauna. Yau ko jikokin maƙwabta Kawu Buhu suke ce mini, ni kuma na rama da kiranka Tsoho tun gashinka bai gama fari ba.

Ba ka tura mutum. Ka ce wanda aka tura ya kai sama, hannun wani ne ya kai, shi yana nan ƙasa. Ba ka kuma yin ƙaryar nan da kowa ke yi wa mai haki, wai saura kaɗan. In na tattaro numfashi na ce, "Tsoho, da saura?" sai ka ce, "Da saura da yawa, Buhu, kuma na gaba ya fi wannan mugunta." In ka ga ina shirin sa ƙafa a ƙasa, sai ka ɗauko labarin kakanka Bortolo mai fasa-ƙwaurin kofi daga Suwizalan, da alfadarinsa Janar wanda ya haɗiye usur ɗin wani ɗan kwastan. Tun daga ranar, in ji ka, duk lokacin da Janar ya yi haki a kan hawa sai cikinsa ya busa usur, 'yan kwastan su fito da gudu daga ko'ina. Sai ka kai Bortolo bakin rami, da buhun kofi a baya da bindiga a gaba, ka yi shiru. In ce, "Sai me ya faru?" Ka ce, "A lanƙwasa ta gaba." Haka ka yi ta jan ni da wannan alfadari kamar mai jan akuya da dusa. In mun kai sama in nemi ƙarshen labari, sai ka ce bakinka ya bushe.

A saman kuma sai ka kwance ƙullin da ke bayan sirdinka, ka bi mu ɗaya bayan ɗaya da tsohuwar jarida a ninke, kowa ya cusa a cikin riga ya rufe ƙirji kafin a gangara. Yara masu sababbin riguna na iska sukan yi maka dariya, su karɓa don ladabi, su kai ƙasa su gane wa ya fi su sani. Ba 'yan ƙungiya kaɗai ba. Bajamushe, Bafaranshe, duk wanda ka gani ya iso da jiƙaƙƙiyar riga yana rawar ɗari, sai ka miƙa masa. Kana cewa jaridar siyasa ta fi ta wasanni ɗumi, don ƙarya in ta yi kauri iska ba ta ratsa ta.

Zan iya cika takarda da irin waɗannan. Zawarawan unguwarku ba su taɓa sanin wa ke share musu ƙanƙarar ƙofa kafin su tashi ba, ko kuma sun sani suka rufa maka asiri. Babu yaron da ya girma a ƙauyen nan da ba ka yi wa facin taya ba, ladan da kake karɓa kuwa shi ne ya tsaya ya kalli yadda ake yi. Amma ba don waɗannan na yarda na riƙe alƙalami ba. Don Ilenia ne.

Allah ya ba ni 'ya ɗaya, kuma har yau mutane na mamakin yadda buhu ya haifi tsuntsuwa. Kai ka fara ɗora ta a kan keke. Tana 'yar shekara goma sha tara ta shiga tseren manya, ana kiran sunanta a lasifika, ni ina bakin hanya ina gaya wa baƙi cewa ƙafafuna ta gado. Shekara uku da suka wuce, a wani tsere can wajen Trentino, ana ruwa, suna gangarowa, tayarta ta zame a lanƙwasa. Ta daki ƙarfen bakin hanya, ƙashin ƙugunta ya karye. Likitoci sun yi aikinsu, Allah ya saka musu. Ƙashi ya haɗe, ta tashi tana tafiya babu ko ɗingishi. Amma yarinyar da ta dawo mana ba ita ce ta fita ba. Ta rataye keken a rumbun ciyawa ta juya masa baya. Ta daina fita, ta daina ɗaga waya in ƙawayenta sun kira. Ko a mota, da hanya ta fara gangara sai ta runtse ido ta damƙe kujera. Tana zaune da mu a tebur tana juya cokali a miya, amma kamar tana wani gari. Ni da ba ni da wani amfani a gida sai ba da dariya, na zazzage duk abin da ke cikina, ko murmushi ban samu ba. Kai kaɗai na gaya wa abin da ke cina: tsoro nake ji 'yata ta ƙare a gabana kamar kyandir, ina zaune ina kallo.

Kowa magani ɗaya ya ba ta. Mai horar da ita, da fada, da ni kaina: ki hau keke, tsoron zai tafi. Kai kaɗai ba ka taɓa ambatar keke a gabanta ba. Zuwa ka yi ka ce yatsunka sun fara ƙagewa, kana neman mai taya ka ninke jaridu, kuma ba ka son Buhu don zai tsaya kallon hotuna. Kunyarka ta sa ta bi ka. Hunturu biyu tana zuwa rumfarka ta gyaran keke, kuna zaune kusa da murhu kuna ninki. Na tambaye ta me kuke tattaunawa, ta ce, "Ba komai, Baba. Shiru muke yi." Na ce to, wannan fannin ban karanta shi ba.

Da ƙanƙara ta fara narkewa bana, kowa ya ga yadda ka rame, tari kuma ya ƙi sakinka. 'Yan ƙungiya suka zauna a shagon kofi a kan wa zai zama tsintsiya. Kowa ya ɗaga kai yana nazarin rufi. Wannan gwiwarsa, wancan bayansa. Gaskiyar magana, kowa ya sayi keke mai tsada ne don a gan shi a gaba. Aka tashi ba a tsayar da komai ba.

Ana saura 'yan kwanaki a yi hawan ka shigo mana muna cin abincin rana. Mirella ta jawo maka kujera ka ƙi zama, ka tsaya a bakin ƙofa kana mayar da numfashi. Ko kallon Ilenia ba ka yi ba. Ni ka duba.

"Buhu, bana ka zauna a gida."

"Saboda me?"

"Babu mai sharo ka. Ni na gama. Sauran kuwa sai sun shanye miya sun side kwano kafin su tuna da kai."

"Ni ba shara ba ne, Tsoho. Ni kaɗai zan hau."

"Da wannan tumbin? To gaya wa Mirella irin furen da kake so a kabarinka."

Mirella ta ajiye ludayi ta ce, "Kada ya wahalar da kansa, na bayan gida zan tsinko."

Raina ya ɓaci da gaske, Ciso. Na buga tebur na rantse sai na hau ko da rarrafe ne. Ka ɗaga kafaɗa ka fita. Sai daga baya na gane tarko ka ɗana, ni ne kuma ɗan naman da ka maƙala a ciki. Abin da babba ya hango yana tsaye a bakin ƙofa, Buhu ko ya hau Gavia ba zai gano shi ba.

Ranar Lahadi na fito da kekena, sai na tarar da Ilenia a tsakar gida. Ta sauko da nata daga rumbu, ta goge masa ƙura, tana ba taya iska. Ba ta ɗago kai ba.

"Hawa kawai, Baba. In mun kai sama, motar Fulvio zan shiga in dawo."

"Wa ya ce ki zo?"

"Baƙaƙen kayan makoki ba sa yi wa Mama kyau."

Na juya baya na yi kamar ina gyara takalmi, don wannan ce zolayar farko da ta fito daga bakinta tun ranar da ta faɗi.

Muka kama hanya. Tun ba mu fita daga daji ba sauran suka ɓace mana, sai muryoyinsu da ke saukowa daga lanƙwasar da ke saman kanmu, daga baya su ma suka ɗauke. Ya rage daga ni sai hakina, sai ƙaramar ƙarar sarƙarta a bayana. Yarinyar da ta taɓa cinye wannan hawan kafin in gama cin burodina, ga ta tana lallaɓa feda kamar mai taka ƙwai, tayarta ta gaba ba ta wuce tawa ta baya ba ko da faɗin yatsa. Da itatuwa suka ƙare muka fito fili, iska ta sauya, ƙararrawar shanu na tashi daga gangare.

"Baba, saniyar can ta wuce mu."

"Ita ƙafa huɗu gare ta."

"Kiwo fa take yi tana tafiya."

Bayan gada hanya ta miƙe tsaye kamar tsani. Ga bangon ƙanƙara dama da hagu ya fi mutum tsawo, ruwan narkewarsa na bin kwalta yana jiƙa mana ƙafa, rana na dukan farin tana mayar mini a ido. Ƙirjina ya zama kamar zugazugin maƙeri. Na fara ganin taurari da rana tsaka. Na cire ƙafa daga feda na dafa ƙasa, na kifa kai a kan keke. Na ce, "Ilenia, da saura?"

Ta dube ni. Na san tana auna tausayi da gaskiya. Sannan ta ce, "Da saura da yawa. Kuma na gaba ya fi wannan mugunta."

Na ce to ni nan ne tashata, ta wuce ta turo mini mota. Ba ta motsa ba, ba ta kuma sa mini hannu a baya ba. Ta sha ruwa, ta miƙo mini gorar, ta ce, "Baba, ashe ka san Janar ya taɓa shiga coci ana tsakiyar ɗaurin auren shugaban 'yan kwastan?"

Na ɗago kai. Shekaru ina bin wannan alfadari, ban taɓa jin ya shiga coci ba. Na ce, "Ya aka yi ya shiga?"

Ta ce, "Hau in gaya maka."

Na hau, Ciso. Ina zaginku kai da ita da alfadarin a zuci, amma na hau. Ta kai Janar har gaban bagade, amarya na kuka, usur na tashi, ta yi shiru sai lanƙwasa ta gaba. Da haka muka wuce dutsen tunawa da sojoji, da haka tabkin da ke saman dutse ya bayyana, rabinsa ƙanƙara rabinsa sararin sama.

Kana can kana jiranmu. Fulvio ya kawo ka a mota, an naɗe ka da bargo a kan wata kujera a bakin masauki, ƙullin jaridu a cinyarka, Nerina na tsaye a kanka kamar soja. Sauran sun daɗe da cin abinci, amma ka hana kowa sauka, ka ce ba a gangara sai tsintsiya ta iso. Da suka hango mu suka ɗauki tafi da ihu. Na ɗaga hannu ina karɓar gaisuwa, sai Ottavio ya ce, "Sauke hannunka, Buhu, ba da kai ake ba."

Ka raba jaridu. Mutane suka fara gangara biyu-biyu, uku-uku. Ilenia ta tura kekenta wajen motar Fulvio, ta buɗe bayanta don ta saka, sai ta tarar wurin a cike. Tsohon kekenka na ƙarfe ne a kwance a ciki, an shafa masa mai.

Ka ce, "Fulvio, sauko mini da shi."

Nerina ta ce, "Kai, tsohon banza! Kashe kanka za ka yi a gaban mutane?"

"Wannan aikin an riga an ba wani, Nerina. Gangara ba ta neman huhu, yatsu biyu take nema."

"Yatsun da ka ce sun ƙage?"

"Sun warke."

Ka yaye bargo ka tashi. Sai da Fulvio ya riƙe ka kafin ka ɗaga ƙafa ka haye sirdi. Ka cusa jarida a rigarka, ka ciro ta ƙarshe ka miƙa wa Ilenia. Ba ta karɓa ba.

Ta ce, "Kawu, mun yi da Baba hawa kawai."

Ka ce, "Da babanki kuka yi. Ni ban ce ki sauka ba, ga mota nan. Amma ni zan sauka a kan kekena, kuma tsintsiya ba ta shiga mota alhali da mutum a kan hanya." Ka yi tari mai tsawo, ka goge baki. "Shekara arba'in ina kallon bayan mutane, 'yata. Ban taɓa sanin yadda ake ji ba in da wani a bayanka. Ina so in ɗanɗana kafin in tafi."

Ilenia ta daɗe tana kallon jaridar nan. Iska na kaɗa gefenta. Sannan ta karɓa, ta zuge riga ta shimfiɗa ta a ƙirji, ta ɗaure hular kwano.

Ka juyo gare ni ka ce, "Buhu, wuce gaba. In ka waiwaya sau ɗaya, ba za ka taɓa jin ƙarshen Janar ba."

Na yi aikin gini a kan rufin da babu abin riƙewa, na ɗauki gawar uwata a kafaɗa, amma ban taɓa yin abu mai wuyar wannan ba: in bar 'yata a baya a kan gangarar Gavia, in kafa ido a kwalta. Da kunne na yi ta kallonku. Birkinka na kuka irin na tsohuwar ƙofa, nata kuma na shan taya a hankali, tana riƙe da shi ba ta saki. Kowace lanƙwasa sai in saurara: ga naka, ga nata, in saki numfashi. Muka wuce bangon ƙanƙara, muka wuce gada. Da muka zo doguwar miƙaƙƙiyar nan da ke gaban daji, sai kukan birkinka ya ɗauke. Na saurara, babu. Sai nata ma ya ɗauke. Wuyana ya fara juyawa da kansa.

Sai na ji muryarta ta tsaga iska: "Kawu! Birki! Birki na ce, tsohon nan zai kashe ni!"

Kai kuwa dariya kake yi, irin wadda rabinta tari ne. Ka saki birki da gangan, ita kuma ba ta da zaɓi, ko ta saki nata ko ta bar ka ka tsere mata. Kafin in ankara ga ka nan dab da tayata kana cewa, "Matsa, Buhu, ka tare hanya!" Amma ko a ranar ba ka wuce ni ba. Sannan na ji wata dariyar a bayan taka, wadda na ɗauka an binne ta a Trentino. Ban waiwaya ba. Ko da na waiwaya ba abin da zan gani, idona ya cika.

A dandali ta diro daga keke tana yi maka faɗa, tana kuka, tana dariya, tana riƙe da kai don ƙafafunka sun ƙi ɗaukarka. Nerina ta fito daga mota ta rasa wanda za ta fara zagi, sai ta rungume yarinyar. Ni kuma na zaro jaridata, gumi ya narkar da ita, rubutun ya koma kan tumbina baƙi ƙirin. Mirella ta duba ta ce, "Yau dai ilimi ya zauna a jikinka."

Ba ka sake hawa keke ba bayan ranar. Ita kuwa ba ta sake rataye nata ba. Ba ta koma tsere ba, wataƙila ba za ta koma ba, kuma babu wanda ya tambaye ta. Ita ce ke buɗe rumfarka yanzu, tana yi wa yara faci, tana tsare su su kalli yadda ake yi. Tana cin abinci, tana musu da uwarta, tana yi mini rashin kunya a tebur. Ban taɓa sanin rashin kunya na da daɗi haka ba.

Zuwana na ƙarshe wurinka, na zauna a bakin gado na ce, "Tsoho, ban waiwaya ba. Cika alkawari." Ka buɗe ido ɗaya ka ce, "Tambayi tsintsiya." Bayan an kai ka, na ja Nerina gefe na ce ko ita ta san yadda Bortolo da Janar suka ƙare. Ta dube ni ta cikin hawaye ta ce, "Wane Janar? Gidan su Ciso ko kaza ba su taɓa mallaka ba, balle alfadari. Kakansa kuwa mai buga ƙararrawar coci ne, ko kofi ba ya sha." Ashe shekarun nan duka, bin abin da babu nake yi har saman dutse. Ban taɓa cin riba a ƙarya kamar wannan ba.

Ranar Juma'a da muka raka ka, kekuna suka cika hanya daga coci har maƙabarta. 'Ya'yan Egidio mai burodi da jikokinsa suna ciki. Da waɗanda ban taɓa gani ba, wasu daga ƙetaren dutse, kowa da jarida a cikin riga ko da yake babu sanyi. Karo na farko cikin fiye da shekara arba'in kai ne a gaba, mu duka a bayanka. Ni ne na kusa da ƙarshe, kamar kullum. A bayana kuma ina jin ƙaramar ƙarar sarƙa.

A madadin ƙungiyarmu da gidana, ina miƙa ta'aziyya ga Nerina, wadda ta yi fiye da shekara arba'in tana ɗumama abinci don mijinta ne ke dawowa bayan kowa. Allah ya ba ki haƙuri, ya sanyaya miki zuciya, ƙofarmu kuma a buɗe take gare ki dare da rana. Ina yi wa Fulvio da matarsa da 'ya'yansu ta'aziyya, da ƙanwarsa Dorina da ta taso daga Zurich, da dukan dangin Bertolina, da duk wanda ya taɓa jin kukan birkin nan a bayansa ya san ba shi kaɗai ba ne a kan dutse.

Allah ya jiƙanka, Ciso. Allah ya yafe maka kurakuranka, har da ƙaryar alfadari. Ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi, ya karɓe ka da hannu biyu, ya ba ka hutawa da hasken da ba ya gushewa. Yadda ba ka taɓa barin kowa a baya ba, kada Ubangiji ya bar ka. Mu kuma da muke tafe, in tamu ta zo, ya sa mu cika da kyau. Amin.

Da saura da yawa a gabanmu, na sani, kuma wata lanƙwasar za ta fi wannan mugunta. Amma ka yi tafiyarka, Tsoho, kada ka waiwaya. Akwai mai sharo mu.

Remo Andreola, wanda ka raɗa wa Buhu
Valfurva